Kun sallami matar nan da amsar da za ta cutar da ita

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na rediyo na ranar Asabar kan masu satar bayanan mutane suna sojan gona da sunansu ya ɓata mini rai. Rabin sa'a cur ana nanata rigakafi, amma da baiwar Allah nan ta kira tana cewa ita an riga an yi mata, sai baƙonku ya ce ta canza kalmar sirri ta je banki, aka ɗauki kira na gaba. Haba Malam!

Canza kalmar sirri zuba ruwa a kwando ne muddin ɓarawon na riƙe da layin wayar mutum ko imel ɗinsa. Lambar tabbatarwa wajensa za ta je, ya sake canzawa cikin minti biyu. Aikin yana da gaba yana da baya, kuma wannan ne ya kamata ta ji.

Banki ake fara kira, ta lambar da ke bayan katin, ba wadda ta shigo cikin saƙo ba, a ce su toshe katin su dakatar da fitar kuɗi. Sai layin waya. Idan sabis ya ɗauke haka kawai alhali na kusa da kai suna da shi, mai yiwuwa an fitar da sabon sim da lambarka. A je ofishin kamfanin sadarwa da katin shaida a karɓo layin, a kuma nemi su rubuta ranar da aka yi sauyin.

Imel kuwa, nan aka fi yin sake. Mutum ya canza kalmar sirri ya ɗauka ya gama, bai san ɓarawon ya riga ya bar wa kansa ƙofa ta baya ba. Dole a shiga saituna a duba lambar waya da adireshin da ake dawo da asusu da su. A duba ko an kunna tura kwafin wasiƙu zuwa wani adireshi, ko an saita cewa duk saƙon banki a goge shi kafin mai shi ya gani. A kori duk na'urar da ke cikin asusun. Kuma a yi wannan a wata waya ko kwamfuta dabam, don idan an dasa manhajar leƙen asiri a tsohuwar, kana rubuta sabuwar kalmar ana ɗauka. Daga nan a kunna tabbatarwa mai mataki biyu ta manhaja irin Google Authenticator, saboda ta saƙon tes tana tafiya da layi duk inda ya je. Na WhatsApp ma da sauƙi: ka sake yin rajista da lambarka, kana sa lamba shidan da aka turo, an fitar da ɓarawon, ko da kuwa ya sa nasa PIN ɗin da zai sa ka jira kwana 7. Kafin nan a sanar da 'yan uwa kada su tura wa kowa kuɗi da sunanka.

Abin da ya fi ba ni takaici, ko sau ɗaya ba a ambaci takarda ba a shirin. Rahoton 'yan sanda ba don a kama ɓarawo ake yinsa ba, da wuya a kama shi. Shi ne abin da za ka miƙa wa duk mai ba da rance da ya taso ka. A samu littafi guda, duk kiran da aka yi a rubuta rana da lokaci da sunan ma'aikaci da lambar ƙorafi. Kada a goge saƙo ko ɗaya don haushi. Ƙorafin kuɗin da aka cire a kai shi a rubuce, da wuri, domin wa'adin musanta ciniki a katin Visa ko Mastercard galibi bai wuce kwana 120 ba.

Sai a nemi rahoton bashi daga kamfanonin da ke tattara tarihin masu rance, domin can ake ganin bashin da aka ci da sunanka ba ka sani ba. Wanda ba naka ba, ka musanta a rubuce, kuma kada ka biya komai a kai don masu kira su ƙyale ka. Biyan kaɗan ɗin nan ana iya kafa hujja da shi cewa ka amsa bashin. A Amurka tun 2018 kyauta ake kulle rahoton bashi, wato a hana sabon mai ba da rance duba shi don kada a ci bashi da sunanka, inda duk akwai irin wannan dama a yi amfani da ita. Bayan wata uku a sake dubawa, a sake bayan shida, har shekara. Kati ana sauyawa, amma ranar haihuwa da sunan mahaifiya suna nan yadda suke. Mutum kusan miliyan 147 da aka kwashe bayanansu a Equifax, kamfanin tattara tarihin masu rance na Amurka, a 2017, har yau ranar haihuwarsu ce a hannun ɓarayin.

Ku kuma gargaɗe ta, yanzu da muryarta ta fita a rediyo: za a kira ta a ce za a ƙwato mata kuɗinta idan ta biya wani abu tukuna. Su ne dai, ko waɗanda suka sayar wa sunanta.

Sannan don Allah a rage kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin magana. Baƙo yana bayani ana ta kaɗe-kaɗe a kansa, ga talla ta katse shi sau uku, mai ƙaramar rediyo bai ji rabin abin da aka ce ba.

Ina roƙon ku nemo matar nan ku sake shirin.

Naku,
Mai sauraro