Wasiƙa zuwa Kumasi: kiɗan Sallah a Kano da yadda ake shirya shi

Kano,
daren Laraba, cikin watan Azumi.

Zuwa ga aminina Malam Lawan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara da sauran 'yan'uwa na Zangon Kumasi. Ya ibada? Allah ya karɓa mana.

Saƙonka ya iso. Abu biyu ka tambaya: wane kiɗa za ku tarar a Kano idan kun zo Sallah kai da baƙinka, da kuma yadda ƙungiyarku za ta shirya nata daren waƙa bayan idi ba tare da an ji kunya ba. Amsar farko gajeruwa ce, ta biyun ce za ta ci takarda.

Kiɗan da ya fi kowanne a makon Sallah ba a sayar da tikitinsa, bayan dawakai yake bi. Ranar idi akwai hawan Sallah, washegari da yamma Hawan Daushe wanda ake rufewa da jafi a Ƙofar Kudu, rana ta uku Hawan Nasarawa, sai kuma na Ɗorayi ko na Fanisau. Idan kunne kuke so ku ciyar, Daushe za ku nufa, domin kowane hakimi da makaɗansa yake wucewa: masu algaita, masu ganga, masu kotso da jauje, har a zo kan kakakin sarki. Ku isa da an idar da Azahar, kafin a toshe hanya, kuma kada ku tsaya da ƙananan yara kusa da 'yan bindiga. Sai dai kada ka yi wa baƙi alkawari tukuna. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya, amma tun babbar Sallar 2024 ɗin 'yan sanda suka hana hawa saboda taƙaddamar sarauta, haka aka sake yi a 2025. Ka jira sanarwa a kwanakin ƙarshe na Azumi.

Sauran wasannin, na ɗakunan taro da otal-otal da wuraren shaƙatawa, sai gab da Sallah ake jin tallarsu a rediyo da Facebook. Kafin ka sayi tikiti ka yi tambaya guda: da makaɗa za a zo, ko da filas? Yawancin waƙoƙin zamani a situdiyo aka haɗa su da fiyano da kwamfuta, saboda haka mawaƙi yakan hau dandamali ne a saki waƙarsa yana bi da baki, abin da ake kira mamin. Matasa na so, ba laifi. Amma mutumin da ya taso daga Kumasi har Kano, a ganina bai kamata a kunna masa abin da ke cikin wayarsa ba. Ku nemi masu kalangu, ko kotso, ko kukuma, waɗanda za su dubi mutum su ɗinka masa baiti nan take.

To, ga batun naku daren.

Ka fara da takarda, ba da mawaƙi ba. Kano na da hukumar tace fina-finai tun 2001, kuma hurumin ta ya kai ga mawaƙa da wasannin da ake yi a bainar jama'a. Akwai Hisba, akwai ofishin 'yan sanda na yankin da ɗakin taron yake. Ka sa mai ɗakin ya faɗa maka izinin da ake nema a wannan lokacin, tunda ƙa'idojin sukan canza, ka karɓi komai a rubuce, kwafi guda yana aljihun mai tsaron ƙofa. Ka raba wurin zaman maza da na mata tun wajen jera kujeru. Lokaci kuma salla ce ke yanka shi: ko dai daga bayan La'asar zuwa kiran Magariba, wanda bai fi awa biyu da 'yan mintuna ba, ko daga bayan Isha'i zuwa lokacin da aka yarje muku. Wasan da aka fara ƙarfe 6 na yamma ya riga ya karye, don da an tashi salla rabin jama'a ba sa dawowa.

Wajen yin ciniki da makaɗa, ka tuna ba mutum ɗaya kake ɗauka ba. Akwai uban kiɗi, akwai makaɗa, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira mai shigar da sunayen mutane, ƙungiya ɗaya takan kai mutum 8 zuwa 12. Ka tambayi adadinsu da irin kayan kiɗansu, don da wannan za a ƙirga makirufo, da abinci, da mota. Ka ba da kafin alƙalami, ka riƙe ragowar sai an tashi, kuma a rubuta lokacin isowa. A makon Sallah makaɗi ɗaya kan karɓi wuri uku a dare guda, wanda bai ɗaure magana ba shi ake zuwar wa ƙarfe 11. Ka ba sanƙira sunayen manyan baƙi da sarautunsu da garuruwansu a takarda tun da rana. A kira Alhaji da sunan wani a gaban jama'a, wannan ya fi lasifika ta mutu muni.

Sai maganar liƙi. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa naira ko taka ta a wurin biki, hukuncin ɗaurin aƙalla wata 6 ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyu, kuma tun 2024 an ga ana gurfanar da mutane a kanta. Ka ajiye babban faranti a gaban makaɗa, mai kyauta ya sa a ciki ko ya miƙa wa sanƙira a hannu a sanar. Baƙinka na Ghana su ji wannan tun a mota.

Yanzu abin da ya fi kashe wasa, wato wuta. Kada ka dogara da ta gari ko da minti goma ne. Ɗakin da zai ɗauki mutum 300 yana buƙatar manyan lasifika biyu masu inci 15 a kan sanduna, da biyu masu inci 18 a ƙasa don amon ganga, da ƙanana biyu ko uku suna kallon makaɗa don su ji kansu. Duka da amfilifaya mai ƙara wa sauti ƙarfi da mikisa mai haɗa muryoyi tana daidaita su ba za su wuce kilowat 4 zuwa 5 ba, janareta mai kVA 10 zuwa 15 ya ishe su. Lissafin kuwa: ka ninka kVA, wato ma'aunin ƙarfin janareta, da 0.8 ka sami kilowat, sannan kada ka ɗora masa fiye da kashi uku cikin huɗu. Sharaɗin shi ne janaretan sauti ya zama na sauti kaɗai. Idan aka haɗa shi da na'urar sanyaya ɗaki ko firjin lemo, duk sanda kwamfuresa ta tashi sai wuta ta yi ƙasa, lasifika ta yi tari, wani lokacin mikisa ta mutu ta sake tashi a tsakiyar baiti. Don ƙiyasi, janareta mai kVA 20 yakan sha kamar lita 4 ta dizal a awa idan yana ɗauke da kaya sosai, ka lissafa awannin wasa da na gwaji, ka ƙara rabin haka a jarka. A cika tanki kafin a fara, ba a zuba wa janareta mai yana aiki. A ajiye shi nesa da ɗaki kamar mita 30, inda iska za ta kwashe hayaƙin ta yi gaba da shi, don hayaƙinsa na kisa a rufaffen wuri. A kafa masa ƙarfen ƙasa, wato sandar ƙarfen da ake bugawa a ƙasa a haɗa ta da jikinsa da waya, a zuba ruwa a gindin ƙarfen idan ƙasar ta bushe. Rashin wannan na iya kawo gurnanin nan da ake ji a lasifika, yana kuma iya sa makirufo ya ja mawaƙi a leɓe.

Kunna kaya ma da tsarinsa: mikisa tukuna, amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa a juya, amfilifaya ta fara mutuwa. Wanda ya saɓa zai ji "ɗum" mai ƙarfi, wata rana kuma wannan ƙarar ce ajalin lasifikar.

Kukan nan mai tsinin da ke sa mutane toshe kunne ba aljani ba ne. Makirufo ne ya ji lasifika, ya mayar mata, ta sake mayar masa. Manyan lasifika su kasance gaba da layin da makaɗa ke tsaye, suna kallon jama'a. Mawaƙi ya riƙe makirufo kamar yatsa biyu daga bakinsa, kada ya dunƙule kansa da tafin hannu yadda samari ke yi don gayu, wannan ke jawo kukan. Sanƙira kuma, wanda ba ya zama wuri ɗaya, a nuna masa iyakar da ba zai tsallake ba. Duk makirufo marar waya a sa masa sabon batir kafin a fara, a ajiye mai waya guda a gefe yana jira.

Inda masu kayan sauti na zamani suka fi yin kuskure shi ne kayan gargajiya, domin sun saba da fiyano mai shiga da waya ɗaya. Kalangu magana yake yi. Mai shi yana matse tsirkiya a hammata ne muryar ta hau, ya saki ta sauka, da haka yake kiran suna da kirari. Idan aka cika masa amon ƙasa a mikisa sai maganar ta nutse, a bar ka da dukan fata kawai. A sa makirufo kamar taƙi ɗaya daga fatar, a ɗan karkace, don kada makaɗi ya buge shi. Kotso da taushi da yatsu ake kaɗa su, muryarsu ba ta kai ta ganga ba, suna son makirufo kusa. Kukuma da gurmi su ne marasa ƙarfi a cikin duka, su ya kamata a fara daidaitawa, sannan a jera sauran a ƙarƙashinsu. Idan aka fara da ganga, babu sauran wurin da za a ɗaga kukuma sai an shiga kuka. Algaita kuwa an yi ta ne don fili da dawakai, a cikin ɗaki ba ta buƙatar taimakon kowa. A tsayar da mai ita a baya, nesa da makirufon 'yan amshi. Su 'yan amshin, mutum biyu a makirufo ɗaya ya wadatar, amma sai an ji su sarai. Waƙar Hausa tsakanin jagora da amshi take tafiya, idan amshi ya ɓace kamar an cire wa tukunya murhu ɗaya ne.

Yanayi ma yana da hannu a ciki. Sallah na ja baya da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, a 'yan shekarun nan ƙaramar tana faɗawa cikin bazara, babbar kuma a bakin damina. A bazara zafin Kano yakan kai digiri 40. Amfilifayar da aka bari a rana, ko ƙura ta toshe mata fanka, za ta yi zafi ta kashe kanta, sai ta huce take dawowa. A sa ta a inuwa, a kafa mata fanka ta musamman. Naken da ake liƙawa a tsakiyar fatar kotso yana narkewa, saboda haka ba a barin kayan kiɗa a rufaffiyar mota da rana. Idan kuwa kun ɗaga zuwa babbar Sallah, matsalar ta juya: laima na saki fata, kalangu ya yi murya kamar mai mura, izgar kukuma ta ƙi kama ƙaro. Shi ya sa ake tanadar kaskon gawayi a bayan dandamali, a riƙa gasa fatar daga nesa-nesa ana gwadawa da yatsa. Ɗakin da aka ƙure wa sanyi ma yana canza muryar ganga, don haka a shigo da kayan awa ɗaya kafin wasa su saba da wurin. Kuma hadarin farkon damina da guguwa yake zuwa. In a fili ne, a ɗaure rumfa da turaku na gaske, a ɗaga mahaɗar wayoyi daga ƙasa, a ajiye leda mai faɗi kusa da mikisa.

Na so in ce ka guji fili gaba ɗaya, amma idan jama'a sun fi ƙarfin ɗaki, ga abu guda. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. Idan aka ƙara lasifika a tsakiyar jama'a, mita 30 daga dandamali, na baya za su ji kowace kalma sau biyu, sai an jinkirta ta bayan da kimanin kashi 9 cikin 100 na daƙiƙa. Ka tambayi mai kayan ko na'urarsa na yin wannan. Idan ya tsaya yana kallonka, nemi wani.

Gwaji a yi shi awa biyu kafin buɗe ƙofa, da makaɗan kansu, ba yaron da zai tsaya yana cewa "ɗaya, biyu" ba. Wani ya je kujerar ƙarshe ya zauna, idan bai gane kalmomin waƙar ba to ba a gama ba. Kuma a bar ɗan sarari a mikisa, domin jikin mutane da manyan riguna suna shanye sauti, ɗakin da ya cika sai an ƙara masa kaɗan.

Abin da nake jira daga gare ka kafin ashirin ga wata: adadin baƙi, ranar da kuka tsayar, ɗaki ko fili, da irin kiɗan da dattawanku suka fi so, na fada ko na jama'a. Ɗakunan taro na cika da wuri saboda bukukuwan aure da ake jerawa bayan Sallah, kada ka bari sai an ga wata.

Ka gaishe min da Hajiya, ka shafa kan yara. Idan da hali ka riƙo mana goro, na can ya fi na nan daɗi. Allah ya kawo ku lafiya, ya sa mu ga Sallah da rai da lafiya.

Naka har kullum,
Ɗanjuma