Wuraren wasa da shaƙatawa: babba ma yana da rabonsa a ciki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wata magana da takan taso a majalisun Kano duk lokacin da sallah ta gabato ko makarantu suka yi hutu, wato ko magidanci da uwargida suna samun wani jin daɗi na kansu idan suka je manyan wuraren wasa da shaƙatawa, ko kuwa wahala kawai suke sha saboda 'ya'ya. Mafi yawan waɗanda nake zama da su sun tafi a kan cewa wurin lilo na yara ne, babba kuwa ɗan rakiya ne, aikinsa ya biya kuɗin shiga, ya riƙe takalma da gorar ruwa, ya jira a gama. Ni ban yarda da haka ba, kuma a ganina abin da ya jawo wannan ra'ayi shi ne irin wuraren da muka saba gani, waɗanda tun daga tsara su ba a sa babba a lissafi ba.

Idan aka duba asalin abin, za a ga saboda manya aka faro shi. Walt Disney, wanda ya buɗe babban wurin wasa na Disneyland a jihar Kaliforniya ta Amurka a 1955, ya sha ba da labarin cewa tunanin ya zo masa ne a lokacin da yakan kai 'ya'yansa mata biyu wurin lilo a birnin Los Anjales, su hau su yi ta juyawa, shi kuwa yana zaune a kan benci babu abin yi. Sai ya ƙudurta gina wurin da iyaye da 'ya'ya za su yi nishaɗi tare. Ashe ke nan gajiyar da magidancin Kano yake kuka da ita a ranar yawon sallah ita ce ainihin matsalar da aka kafa Disneyland domin a magance. Daga baya aka buɗe Walt Disney World a jihar Fulorida a 1971, sannan a 1982 aka ƙara masa sashen Epcot, inda a yau akwai jerin rumfunan ƙasashe 11, har da ta Maroko, kowace da irin gininta da abincinta da kayan sana'arta. Yaro ɗan shekara biyar ba zai tsinci abu mai yawa a irin wannan sashe ba. Mutumin da ya san duniya, mai sha'awar gini da tarihi da girke-girke, shi ne zai wuni a ciki bai ƙosa ba.

Haka nan manyan injinan wasan, da yawansu an hana ƙananan yara hawa, domin akwai ma'aunin tsayi a bakin ƙofa, wanda bai kai ba a mayar da shi. A Ferrari World da ke tsibirin Yas na Abu Dabi, maƙwabciyar Dubai, wanda aka buɗe a 2010, akwai wani jirgin wasa mai bin dogo da ake kira Formula Rossa, wanda gudunsa yake kai kilomita 240 a awa guda, har sai an ba mahaya tabarau na kare ido. Wannan ba abin yaro ba ne. Sai dai a nan dole in ja hankalin 'yan'uwana masu shekaru, domin a bakin irin waɗannan injina akan rubuta gargaɗi ga masu hawan jini da ciwon zuciya da ciwon baya da mata masu juna biyu, kuma hawan jini ya yi yawa a cikinmu, wasu ma suna ɗauke da shi ba su sani ba. Wanda likita ya ɗora a kan magani ya bar wa matasa wannan ɓangare, akwai sauran abin kallo da ya ishe shi.

Duk da haka ba ina kira ba ne ga mutane su haɗa kaya su nufi Amurka ko Dubai. Tikitin shiga na yini ɗaya a Walt Disney World ya haura dala 100 ga mutum ɗaya, kuma yaron da ya kai shekara 10 kuɗin babba yake biya. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a 2023, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, magidanci mai mata da 'ya'ya shida ya lissafa kuɗin jirgi da biza da masauki da abinci, zai ga abin da zai kashe a mako guda ya isa ya biya kuɗin makarantar gidan na tsawon lokaci. Ga tsayuwa a layi, wadda a lokacin cunkoso takan wuce awa guda saboda hawan da bai fi minti biyu ko uku ba, ga tafiyar ƙasa daga safe har dare, ga neman abincin halal da wurin sallah a ƙasar da ba ta Musulmi ba. Mutumin da ya ci bashi ko ya taɓa jarinsa ya yi wannan tafiya, hankalinsa yana kan aljihu, ba zai ji daɗin komai ba. Wanda Allah ya hore wa, ko harkar kasuwanci ta riga ta kai shi Dubai, shi ne zai iya ware yini ɗaya ya shiga da iyalinsa, kuma ina da yaƙinin zai fito da fara'a.

Abin da ya fi damuna shi ne na gida. Bakano ba baƙon kallo da nishaɗi ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya ga dattawa masu furfura sun jure rana da ƙura domin su ga ado da dawakai da jahi, babu wanda ya ce musu wannan aikin yara ne. Marigayi Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya fahimci haka, shi ya sa a zamaninsa aka kafa Gidan Zoo da yake ɗauke da sunansa, aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka yi wurin hutawa a bakin tafkin Bagauda, inda a yau reshen Makarantar Horar da Lauyoyi yake. Waɗannan wurare an yi su ne da tunanin cewa ma'aikaci da ɗan kasuwa su ma suna bukatar inda za su sarara da iyalansu. Birnin ya ninka girmansa na wancan lokaci sau da yawa, amma wannan tunani bai bi girman birnin ba.

Na kai iyalina wasu daga cikin wuraren wasa na 'yan kasuwa da ke cikin gari, kuma abin da na tarar kusan iri ɗaya ne. Injinan duk na ƙananan yara ne, kujerun zama kaɗan ne, inuwa ba ta wadata ba a garin da zafinsa yake haura digiri 40 a watan Afrilu, lasifika tana ta ƙara har mutum ba ya jin na kusa da shi, banɗaki ba ya shiguwa, wurin alwala kuwa sai an yi tambaya. Uwargida ta fi kowa shan wuya, ga goyo a baya, ga idonta a kan sauran yaran kada su ɓace a cikin turmutsitsi, ga fargabar 'yan sane. Wadda ta wuni a haka, idan ta ce ba ta ƙara zuwa, ba ta yi laifi ba. Sannan akwai kunya, wadda ni ina ganin ado ce a gare mu, ba kuma na so a rabu da ita. Dattijo ba zai hau lilo a gaban surukansa ko 'ya'yan maƙwabta ba, kuma bai kamata a sa ran zai hau ba. Amma zai zauna a ƙarƙashin bishiya ya sha fura mai sanyi, zai shiga kwalekwale da jikokinsa idan akwai rigar kariya, zai tsaya ya kalli maƙeri ko marini ko baduku yana aikinsa, zai saurari mai ba da tarihin ganuwa da ƙofofin gari. Duk wannan nishaɗi ne da ya dace da mutuncinsa, kuma babu ɗaya a ciki da ya kai injin lilo tsada.

Saboda haka ina kira ga masu zuba jari a wannan harka da su tuna cewa wanda yake ciro kuɗi daga aljihu shi ne babba, kuma idan ya ji daɗi zai dawo ko ba sallah ba, maimakon wurin ya cika kwana uku ya koma kufai sauran shekara. Su dasa itatuwa, su yawaita wurin zama, su gina masallaci mai sashen mata, su rage ƙarar kiɗa, su ƙayyade yawan masu shiga a lokaci guda, su kuma ware wasu ranaku ko sa'o'in yamma na iyali kawai. Hukumomin jiha da abin ya shafa kuwa, ina roƙonsu su riƙa tura injiniyoyi suna duba injinan nan kafin kowace sallah, a manna takardar shaidar dubawa a bakin ƙofa inda kowane uba zai gani kafin ya sayi tikiti.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam,
Naka mai karatu,
daga unguwar Gwammaja, Kano.