Wasiƙa daga Garwa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali a can Kano, ka yi mini afuwa a kan shirun da na yi tun bayan suna. Abin da ya ɗauke mini hankali shi ne ɗan ƙullutun da aka haifi takwaranka da shi a kan karan hanci. Girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, a tsakiyarsa kuma akwai ɗan rami kamar hudar allura, da silin gashi biyu suna leƙowa. Ranar aski wanzami ya so ya tsaga shi, Inna ta riƙe masa hannu, kuma ban taɓa gode wa taurin kanta kamar ranar ba.

Likita ya zana mini bayanin a takarda. Fuskar ɗan tayi tana haɗuwa ne daga ɓangarori 5, tsakanin mako na 4 da na 8 na ciki. A lokacin, tantanin da ke lulluɓe ƙwaƙwalwa yakan zuro ta wata ƙaramar kafa a gindin goshi har ya taɓo fatar hanci, sannan ya janye, kafar ta toshe. Idan bai rabu da fatar sosai ba, sai ya jawo wani yankinta zuwa ciki, ita kuwa fata ko an binne ta ba ta fasa fitar da gashi da maiƙo. Wannan shi ne damoyid, kuma irin waɗannan ƙullutai na tsakiyar hanci akan same su sau ɗaya cikin haihuwa 20,000 zuwa 40,000. Haɗarinsa shi ne, wani lokaci hanyar da ta taso daga ɗan ramin nan takan zarce har cikin ƙoƙon kai, ta yadda askar wanzami za ta iya jawo sanƙarau.

Akwai wani nau'in da ƙwaƙwalwar ce da kanta ta turo, wanda ke kumbura idan jariri yana kuka. Kwana uku na yi ina haska masa hanci da tocila duk sa'ad da ya tsala ihu, har uwarsa ta ƙwace tocilar. Bai kumbura ba, hoton MRI kuma, mai nuna cikin jiki, ya nuna hanyar ba ta shiga cikin kai ba. Alhamdu lillahi.

Za a yi tiyata a cire shi har saiwarsa, domin idan aka bar guntu yakan dawo. Inna dai ta ce laifinka ne, tunda wanda ya ci sunanka dole ya gaji wani abu a hanci. Ka sa mu a addu'a.

Naka amini.