Ƙwayar bitamin D ba ta maye gurbin likitan ƙwaƙwalwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarku domin in ja hankalin masu karatu kan wata magana da ke yawo a shafukan sada zumunta, wai ƙarancin bitamin D ne ke haddasa ciwon damuwa, kuma duk wanda ya sayi ƙwayar ya sha zai warke.

Maganar tana da tushe, amma an yi mata ƙari. Fatar mutum ce ke samar da wannan sinadari idan rana ta taɓa ta, sannan hanta da ƙoda su sarrafa shi, kuma gaskiya ne bincike da dama sun tarar da ƙarancinsa a jinin masu fama da damuwa. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Wanda damuwa ta kama yakan ƙule a ɗaki, ya daina fita, abinci ma ya fita ransa, saboda haka mai yiwuwa ciwon ne ya jawo ƙarancin. A shekarar 2020 mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa sakamakon wani gwaji da Dakta Olivia Okereke ta jagoranta a Amurka, inda aka bibiyi mutum 18,353 masu shekara 50 zuwa sama na tsawon kimanin shekara 5, rabinsu suna shan bitamin D kullum, rabi kuma suna shan ƙwayar da babu magani a cikinta, kuma a ƙarshe ba a ga wani bambanci a tsakaninsu ba wajen kamuwa da damuwa. Don a yi adalci, yawancin waɗancan mutanen ba su da ƙarancin tun farko.

Ban ce ƙarancin ba ya faruwa a nan ba. Saudiyya ma, duk da ranar da take da ita, tana fama da shi, kuma baƙar fata tana buƙatar daɗewa a rana fiye da fara. Matan da ke kulle, tsofaffin da ba sa fitowa tsakar gida da ma'aikatan da ke wuni a ofis sun cancanci a auna jininsu. Kifi mai maiƙo irin su titus da sadin, hanta da gwaiduwar ƙwai suna taimakawa. Shan ƙwayar barkatai kuwa yana iya tara sinadarin kalsiyam a jini har ya kai ga tsakuwar ƙoda.

Abin da ya fi damuna shi ne jinkirin da tallar nan ke jawowa. Mutumin da ya yi mako biyu cikin baƙin ciki, ba ya barci, ba ya jin daɗin komai, balle wanda ya fara tunanin kashe kansa, asibitin ƙwaƙwalwa ya kamata a kai shi, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Dawanau a Kano. Ina fata za ka gayyato likitan ƙwaƙwalwa ya yi wa masu karatu bayani a shafinku na lafiya.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya