Kafin baƙo ya shiga mota daga filin jirgin Abuja

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarku don jan hankalin masu sauka a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Daga nan zuwa tsakiyar Abuja kusan kilomita 40 ne, ta titin Umaru Musa 'Yar'adua, a ratsa Lugbe. Duk tsawon wannan tafiya baƙo yana hannun direban da bai taɓa gani ba.

Tun kana cikin zaure za ka kira motarka ta Bolt ko Uber, manhajojin kiran motar haya ta waya, kafin masu cewa "Alhaji, ina zuwa?" su yi maka caa a bakin ƙofa. Manhajar za ta nuna sunan direba, hotonsa, launin mota da lambarta. Ka zagaya baya ka karanta lambar da idonka, ka dubi fuskar mutumin. Ko harafi ɗaya ya saɓa, kada ka shiga, ko da ya rantse cewa motarsa ce ta lalace ya aro wata. Kada kuma ka fara faɗin sunanka. Ka tambaye shi wa ya zo ɗauka.

Inda aka fi yin sakaci shi ne nan: an ɗora kaya, sai direba ya ce, "Soke tafiyar a waya, mu daidaita tsakaninmu." Sau da yawa kason kamfani yake gudu, ba mugunta ba ce. Amma da zarar ka soke, babu sauran shaidar cewa ka shiga motarsa, kuma idan ka tura wa ɗan'uwa bayanin tafiyar ta manhajar, ya daina ganin inda kake a taswira. Ragin da za a yi maka bai kai wannan ba.

Mai son tasin filin jirgi ya je wurin da suke layi, ya gama ciniki kafin jaka ta shiga but, har da wanda zai biya kuɗin get. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne a taka zuwa bakin titi neman araha. Motar da ka tarar da fasinjoji a ciki an bar maka gurbi ɗaya, irinta 'yan fashin "wan cans" suke amfani da ita.

Ka zauna a baya, ka gwada buɗe ƙofa daga ciki kafin a tashi, domin akwai makullin yara da ke hana ta buɗuwa. Fasfo, kuɗi da waya su kasance a jikinka. Idan an iso, a fara sauke kaya kafin ka biya. Mai saukar dare, musamman mace ko dattijon da ya dawo daga Umara, gara a zo a tarye shi. Wayar kuma ta kasance da caji da data, lambar gaggawa ita ce 112.

Wassalam.
Mai karatunku, daga Abuja.