Kare mata daga duka da fyaɗe: abin da Kaduna za ta ɗauka daga Brazil da Meziko

Assalamu alaikum, Edita. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini.

Duk lokacin da aka ji miji ya karya matarsa, ko an yi wa yarinya fyaɗe, kukan jama'a ɗaya ne: a tsananta hukunci. Kaduna ta tsananta. A 2018 jihar ta yi dokar hana cin zarafin jama'a, a 2020 kuma aka gyara dokar laifuka har aka sa dandaƙa ga masu yi wa ƙananan yara fyaɗe. Sai dai hukunci a ƙarshen shari'a yake zuwa, alhali kwanakin da mace ta fi shiga haɗari su ne na farko bayan ta kai ƙara, lokacin da za ta koma ta kwana gida ɗaya da wanda ta kai ƙarar. A wannan gaɓar ƙasashen Latin Amurka suka sha wuya, kuma suna da abin koya mana.

A 1983 mijin wata mai haɗa magunguna a birnin Fortaleza na Brazil, Maria da Penha, ya harbe ta tana barci, ƙafafunta suka shanye. Da ta dawo daga asibiti ya nemi ya kashe ta da wutar lantarki a banɗaki. Sai a 2002 ya shiga kurkuku, bayan hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen nahiyar ta ɗora wa Brazil laifin sakaci a 2001. Dokar da aka sa wa sunanta ta fito a watan Agustan 2006, kuma ƙarfinta a wa'adi yake. Mace ta nemi kariya, 'yan sanda suna da awa 48 su miƙa buƙatarta ga alƙali, shi ma yana da awa 48 ya yanke. Yana iya fitar da mijin daga gidan, ya hana shi kusantarta ko kiranta a waya, ya dakatar da izininsa na riƙe bindiga, ya kuma yanka masa kuɗin ciyarwa na wucin gadi. Wannan na ƙarshen shi ne mutane suka fi mantawa, alhali rashin abin da za a ci shi ke mayar da mata da yawa ɗakin da suka gudu.

Dokar ta kuma toshe ƙofar baya. A da, alƙali kan ce mai duka ya biya tara ko ya ba da sadakar kayan abinci, shi ke nan magana ta mutu. An haramta wannan. A 2012 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa idan akwai rauni a jiki, shari'a za ta ci gaba ko da matar ta ce ta janye. Mu nan mun san yadda ake janyewar: kawu ya zo, mai unguwa ya zo, a ce mata ta rufa wa 'ya'yanta asiri. Sulhu alheri ne, ba mai musun haka, amma muhallinsa saɓanin zaman aure. Wanda ya shaƙe wuyan matarsa ya wuce nan, domin masu bincike sun daɗe da gano cewa shaƙewa tana cikin manyan alamun da ke gabatar kisa.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Shekaru goma sha biyu aka yi maza suna taka umarnin alƙali ba tare da an ɗauki hakan laifi mai zaman kansa ba, sai a 2018 aka gyara. Ofisoshin 'yan sanda na mata zalla, da aka fara a São Paulo tun 1985, ba su kai yawancin ƙananan garuruwa ba, da dama kuma suna rufewa da dare da ƙarshen mako, daidai lokacin da aka fi dukan. Sai a 2023 aka yi dokar tilasta musu aiki dare da rana.

Darasin Meziko ya fi ɗaci. A Nuwamban 2001 aka tsinci gawarwakin 'yan mata a wata gonar auduga a Ciudad Juárez. Iyayensu sun kai rahoton ɓatansu tun da wuri, aka ce musu wataƙila sun bi saurayi ne, a jira awa 72 kafin a fara neman su. A 2009 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar ta kama gwamnatin Meziko da laifi kan uku daga cikinsu.

Awa 72 ɗin nan ita ce kuma iyakar likita. Maganin da ke hana kamuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau bayan fyaɗe dole a fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28 ba fashi. Na hana ɗaukar ciki yana aiki har kwana 5, amma ƙarfinsa na raguwa kullum. Don haka asibiti ake fara zuwa, ba gidan mai unguwa ba. Kada a yi wa yarinyar wanka ko gashi da ruwan zafi, kada a wanke kayanta. A naɗe su a takarda, domin leda tana riƙe danshi shaida ta lalace. Cibiyoyin Salama, masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, suna asibitin Gwamna Awan a Kakuri, da Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da Gambo Sawaba a Zariya, da babban asibitin Kafanchan.

Roƙona ga Majalisar Dokokin jiha da Babban Jojin Kaduna: a sa wa'adi da awanni kan sauraron buƙatar kariya, a haɗa ta da kuɗin ciyarwa, a kuma hana rufe fayil ɗin da ke da takardar likita sai a gaban alƙali. Ajantina tun 2018 ta wajabta wa kowane ma'aikacin gwamnati, har da alƙalai, horo kan wannan batu. Mu a fara da ɗan sandan da ke kan kanta da dare, tunda shi ne mutum na farko da matar za ta tarar.

Wassalam.

Wata mai karatu,
Unguwar Rimi, Kaduna