Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ilimi: Yara Nawa Ne Suka Iya Karatu?

Mai girma Minista, gaisuwa da fatan alheri.

Kowace shekara ma'aikatarku tana fitar da rahoto: an gina ajujuwa kaza, an raba littattafai kaza, an sa yara kaza a firamare. Muna karantawa. Abin da muke nema kuma ba mu samu ba shi ne, cikin waɗannan yaran da ke rajista, nawa ne za a miƙa wa gajeren labari su karanta su faɗi abin da ya ƙunsa? Ranka ya daɗe, tambayar da ke damun iyaye ke nan.

Ka san alkawarin da aka ɗauka. A watan Mayun 2015 ministocin ilimi suka hallara a Incheon ta Koriya ta Kudu, a Satumbar shekarar kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradun ci gaba mai ɗorewa, ciki har da muradi na huɗu da ya shafi ilimi. Ma'auninsa na farko shi ne yawan yaran da suka kai matakin da ya kamata a karatu da lissafi. A 2022 Bankin Duniya da UNESCO da UNICEF suka kiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta rubutu mai sauƙi su fahimta. Akasarinsu kuwa suna zuwa makaranta.

Dubi yadda lambobin suke isowa teburinka. Hedimasta ya buɗe rajista a ƙarshen zango, ya ƙirga sunaye, har da na yarinyar da ta daina zuwa tun watanni, ya cike fom ya aika ofishin ilimi na yanki. Daga nan fom ya haura har hedikwata. Ba wanda ya kira yaro ɗaya gaban allo ya ce ya karanta.

Don Allah a gyara wannan, domin an taɓa gyara irinsa. Wani bincike a Yuganda ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995 kusan kashi 13 kacal na tallafin da ake aika wa makarantun firamare ke isa hannunsu. Gwamnati ta fara buga kuɗin da take turawa a jaridu, ta sa makarantu su manna a allon sanarwa, zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. A Indiya, tun 2005 'yan sa-kai na ASER, wani bincike kan yadda yara suka iya karatu, ke bin gida-gida suna gwada yara da takarda ɗaya: haruffa, kalmomi, sakin layi, sai labari.

Muna roƙo rahoto na gaba ya zo da sakamakon irin wannan gwaji yanki-yanki, ko da bai yi daɗin ji ba, kuma kowace makaranta ta manna kuɗin da aka turo mata a ƙofarta. A haɗa da ranakun da malamai ba su shiga aji ba, da makarantun da har yanzu ba su da banɗaki.

Naka,
Wani mahaifi.